Mai neman 'yarmu matuƙin jirgi ne, ya ce sa'a 80 yake aiki a wata

Baffan Amarya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga wanda ya san harkar jiragen sama daga ciki ce, ba wanda ya tsinta a bakin majalisa ba.

'Yar yayana marigayi ce a hannuna, ni ne waliyyinta. Wani yaro ya fito neman aurenta, mataimakin matuƙi ne a ɗaya daga cikin kamfanonin jiragen nan na cikin gida. Yaron da natsuwarsa. Da ya zo gaishe ni a ƙasa ya zauna, na yi na yi ya hau kujera ya ƙi. Mun tura unguwarsu an yi tambaya, ba a zo mana da abin ƙi ba. Asali da addini ba su ne damuwata ba. Aikin nasa ne na kasa gane kansa.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Ƙarfe tara na buɗe shago, ba na ja ƙofa sai gab da magariba. Da na tambaye shi yanayin aikinsa, sai ya ce a wata yakan yi sa'a 70 zuwa 80, wani watan ma ba ya kaiwa. Na ɗauko kalkuleta. Ma'aikacin gwamnati sa'a 40 yake yi a mako, wato 160 a wata. Ashe shi rabin haka yake yi. To ina yake zuwa da sauran lokacin? Don ita yarinyar ƙorafinta kullum shi ne ba ta samunsa a waya, in ta same shi kuma da rana tsaka barci yake. Ranar da muka sa manyansa za su zo sai da aka yi ta ɗagawa, wai jadawalinsa ya canza, har na fara zargin ko da wata a ƙasa.

Sai maganar samu. Ƙanen mahaifinsa ya ce mini albashin yaron "yana hawa yana sauka", kuma akwai wani ɗaurin kamfani a wuyansa na wasu shekaru. Ni a sanina ciniki ne ke hawa da sauka, ba albashi ba. Matan gida kuwa da suka ji an ce matuƙin jirgi, tuni sun fara ƙirga akwatunan lefe. Ni kuma marainiya ce a hannuna, ba na son in ɗaura mata aure da suna kawai.

Don Allah mai sani ya warware mini: sa'a nawa suke yi a gaskiya, kuma yaya ake biyansu?

Tsohon Kyaftin ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba ka ladan riƙon zumunci. Na yi wannan aikin har na ajiye, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ba ka lissafin duka ba. A wajenmu agogo biyu ne. Na farko yana fara bugawa ne daga lokacin da aka cire waigin tayar jirgi ya motsa, ya tsaya lokacin da aka faka a inda aka sauka aka mayar da waigi. Wannan shi ne sa'a 70 zuwa 80 da ya faɗa maka, shi ake rubutawa a littafinsa. Agogo na biyu shi ne na aiki, daga sa'ar da ya sa hannu a filin jirgi har zuwa sa'ar da aka sallame shi. Wannan ba kowa ke ganinsa ba sai matarsa.

Ɗauki rana guda. An ba shi Legas zuwa Kano, ya koma Legas, ya je Abuja, ya sake komawa Legas. Legas zuwa Kano wajen sa'a ɗaya da rabi ce, Abuja kuma sa'a ɗaya da 'yan mintoci. In ka haɗa sawu huɗun, sa'a biyar da rabi ne, ko shida in an yi layi a bakin titin tashi. Amma jirgin ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe shida ya kamata a gan shi a ofis yana duba yanayi, da takardar hanya, da yawan man da za a sha, da littafin injiniyoyi. Wanda zai isa filin jirgin Ikeja ƙarfe shida, ƙarfe huɗu ya tashi. Kowace sauka kuma akwai zaman sauke fasinja, shara, shan mai, lodi, ɗaya daga cikinsu ya sauko ya zagaya jirgin yana duba taya da injin. Kafin ya cire rigar nan ya yi sa'a goma ko sha ɗaya. Wannan in komai ya tafi daidai ke nan. In hazon Disamba da Janairu ya rufe Kano, sai su wuni a zaune ana jiran gari ya buɗe, fasinja na zagi, su kuma agogon farko bai motsa ko minti ɗaya ba. Kamar direban da ke bin layi ne a tashar Unguwa Uku, ya wuni a tasha amma sai mota ta tashi ake maganar kuɗi.

Kuma ba shi ya zaɓi ya tsaya a 80 ba, doka ce. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa kowace ƙasa ta sa iyaka, tamu NCAA ce ke sa wa. Lambar da za ka fi ji a duniya ita ce sa'a 100 cikin kwana 28. A Turai an ƙara da cewa kada ya wuce 900 daga Janairu zuwa Disamba, Amurka kuma 1,000 cikin kwana 365. Raba 900 gida sha biyu, 75 za ka samu, ka ga inda lambar yaron ta fito. Su dai waɗannan ƙasashen, a agogo na biyu sun yarda a kai sa'a 60 a mako, 190 cikin kwana 28. Ka ga ya zarce 160 ɗin ma'aikacinka, ga shi babu Juma'a babu Lahadi a ciki.

Akwai kuma ranakun ko-ta-kwana. Yana gida, amma wayarsa a kunne, jakarsa a ɗaure, ba zai je Zariya ɗaurin aure ba domin ana iya kiransa. In ba a kira ba, ranar ta tafi a banza, babu ita a littafi.

Barcin rana da yarinya ke ƙorafi a kai, ni a wajena shaida ce mai kyau. Wanda ya san zai tashi ƙarfe huɗu ya kashe waya ya kwanta, ya san aikinsa. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai hira har ƙarfe ɗayan dare. A watan Agustan 2022 an ba da labarin wani jirgin Ethiopian Airlines daga Khartoum zuwa Addis Ababa da matuƙansa biyu duk barci ya kwashe su, suka wuce inda ya kamata su fara sauka, sai ƙarar na'ura ce ta farkar da su. Allah ya tsare, suka juyo suka sauka lafiya, kamfanin ya dakatar da su. Barci ba ya jin kunyar galan huɗu a kafaɗa.

Albashi kuwa, a wuraren da na yi aiki kashi biyu ne. Akwai tsayayye da ke zuwa ko ka tashi ko ba ka tashi ba, akwai alawus da ake lissafawa da sa'o'i ko yawan sawu, sai kuɗin kwana in ka kwana a wani gari. Watan da aka yi aiki sosai, kamar ƙarshen shekara ko jigilar alhazai, aljihu ya yi nauyi. Watan da jiragen kamfani suka tafi babban gyara ƙasar waje, ko injin ya lalace ana jiran dala a sayo kayan gyara, matuƙa sun fi jirage yawa, kowa sai ya samu 'yan sa'o'i kaɗan. To hawa da saukar ke nan. Abin da za ka tambaya shi ne nawa ne tsayayyen, don a kansa za a ɗora tukunya.

Ɗan Fagge ya amsa:

Baffa ka ba shi kawai. Mu da muke sa'a 300 a wata a kan Adaidaita wa ya tambaye mu jadawali? Ko ba komai in an tashi zuwa Umara akwai ragi a tikiti.

Uwargidan Kyaftin ta amsa:

Baffa ina wuni. Kyaftin ya yi bayanin filin jirgi, ni bari in yi na cikin gida, tunda yarinyar a nan za ta zauna.

Kusan ƙarshen kowane wata ake turo musu jadawalin wata mai kamawa. Ni nake fara karɓar wayar in duba kafin shi. Da wannan takardar nake sanin ko da shi za a yi sunan ƙanwata, ko ni kaɗai zan je asibiti awo. Kuma ko an turo ba a gama ba, cikin dare sai a bugo a ce wane ba shi da lafiya, kai za ka yi Fatakwal da asuba. An sha yin Sallah ragonmu maƙwabci ne ya yanka mana, shi yana can otal a wani gari yana kallon Idi a talabijin. Farkon aurenmu na yi kuka har na gaji. Dangina suka ce wulaƙanci ne, mutum ya ƙi zuwa gaisuwar mutuwa sai bayan sadakar uku. Ba su san ba a ce wa kamfani "yau ina da uzuri" sai dai ka nemi wanda za ku yi musaya, in ba ka samu ba shi ke nan.

Ranar da zai yi sammako, tun bayan isha'i gidan nan yake komawa shiru. Na rage ƙarar talabijin, yara su yi wasa a falon ƙasa, janareta ma sai an matsar da shi bayan gida. Ƙarfe uku da rabi na tashi na dafa ruwan shayi, na goge farar rigar, na duba ko lasisi da fasfo da tabarau na biyu suna cikin jaka, don doka ce mai sa tabarau ya riƙe na ajiya. Azumi ya fi wuya, sahur wani lokacin a mota yake yi.

Amma kada in ɓoye alherin. In ya samu hutunsa na kwana biyu ko uku a jere, to yana gida ɗungurungum, shi ke kai yara makaranta, shi ke zuwa cefane ranar Talata da safe lokacin da mazan mutane ke ofis. Ba ya zuwa da aiki gida, babu fayil, babu mai bugo masa waya a kan jirgin jiya.

Abin da zan ce a faɗa wa yarinyar tun yanzu: a tambayi inda aka ajiye shi. Yawancin kamfanonin nan a Legas ko Abuja suke ajiye ma'aikatansu. In a Legas yake ita kuma za a ajiye ta a Kano, to rabin hutun nasa a hanya zai ƙare, ga hayar gida biyu. Mu sai da muka tattara muka koma inda yake kafin zama ya daidaita. Sannan ta koyi ajiya a watan da aka samu da yawa. Akwai lokacin da wani kamfani da ya yi wa aiki ya riƙe albashi watanni, ga 'yan'uwa suna ta zuwa da buƙata, wa zai yarda gidan matuƙin jirgi babu kuɗi? Ɗankunnena na sayar na biya kuɗin makaranta, har yau surukata ba ta sani ba.

Mai Lasisi Ba Kujera ya amsa:

Baba, ni zan yi magana a kan ɗaurin da aka ce yana wuyansa, don nan ne ciwona yake.

Kammala makarantar tuƙi, ko ta Zariya da aka kafa tun 1964, ko ta Ilorin, ko Afirka ta Kudu inda da yawa ke zuwa, ba ya sa ka zama matuƙin jirgin fasinja. Za ka fito da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da sa'a wajen 200 a ƙananan jirage. Kafin ka zauna a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a jirgin Boeing 737 ko Embraer sai ka yi wani horo na musamman a kan wannan nau'in jirgin kaɗai, kuma da dala ake biya, dubbai masu yawa. Hanya biyu ce. Ko iyayenka su sake sayar da fili, ko kamfani ya biya maka ka sa hannu cewa za ka yi masa aiki shekara kaza, in ka tafi kafin nan ka biya shi kuɗinsa. Wasu kamfanonin ma suna cira daga albashi kowane wata. Ina jin wannan ne ɗaurin da ake nufi. Ba bashin banza ba ne, amma yana nufin ko an matsa masa ba shi da bakin magana sai wa'adin ya cika.

Ni na gama nawa karatun, lasisina na cikin durowa, kowace shekara ina biyan kuɗin gwajin likita don kada ya mutu, ina taya yayana tsaron shagon waya a Farm Centre. Muna da yawa. Don haka wanda ya riga ya samu kujera yana tara sa'o'i, wallahi ya tsallake siraɗin da ya fi kowanne. Sa'o'in nan su ne jarinsa. In ya kai 1,500 zai iya karɓar babban lasisi, daga nan ake fara maganar zama kyaftin, kuma tsakanin albashin kujerar dama da na hagu, wato ta kyaftin, akwai tazara sosai. Ku tambaye shi sa'a nawa ya tara. Wannan ya fi tambayar nawa yake ɗauka yau.

Bakano a Texas ya amsa:

Ina neman afuwar Kyaftin, amma a ganina an nuna wa Baffa wahalar fiye da daɗin. Ni ba matuƙi ba ne, a ɓangaren tsara jadawalin ma'aikatan jirgi nake aiki a nan, kullum da lambobin nan nake kwana.

A nan Amurka da sa'a ake biya, amma akwai ƙasan da ba a sauka daga shi, yawanci sa'a 70 zuwa 75 a wata, ko ka tashi ko ba ka tashi ba sai an biya ka. Ƙungiyar ƙwadago ce ta ƙwato wannan. A 2023 matuƙan kamfanin jiragen Delta sun sa hannu a yarjejeniyar ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu, United da American suka bi sahu. Babban kyaftin mai jan manyan jiragen ƙetare yana haura dala 400 a kowace sa'a. Komai kuma da daɗewa ake yi: wanda ya riga ka shiga kamfani shi zai riga ka zaɓar ranakun hutu, da jirgi, da garin zama. Tsofaffin hannu sai su tattara aikinsu a 'yan kwanaki, rabin wata suna gida.

Sai dai ba da daɗi aka kai nan ba. A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Da aka bincika sai aka ga mataimakiyar matuƙin daga Seattle ta kwana tana tahowa, daga wancan bakin ƙasar zuwa wannan, albashinta a shekara bai kai dala 20,000 ba. Bayan haka ne aka ce a nan Amurka sai mai sa'a 1,500 zai zauna ko a kujerar dama, sannan a 2014 sabuwar dokar hutu ta fara aiki, sa'a goma kafin kowane aiki, takwas daga ciki na barci.

Abin da nake so Baffa ya gane shi ne sana'ar nan tana da kasuwa a duniya. Yaron in ya tara sa'o'i, kamfanonin Dubai da Doha suna ɗauka, su ba da gida, babu harajin albashi. Ku duba inda zai kai nan da shekara goma.

Baffan Amarya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki zan sa a karanta wa yarinyar da uwarta, su ji daga bakin mace. Ɗan Fagge, Allah ya shirye ka.

Na kira yaron ɗazu. A Legas aka ajiye shi, sa'o'insa sun haura dubu, saura shekara biyu ɗaurin ya ƙare. Maganar Dubai kuma ni ba ta faranta mini ba, uwar yarinyar ita kaɗai gare ta mace. Kyaftin, tambaya ɗaya ta rage. Mu a kasuwa in ka tsufa ɗanka ya zauna a shago. Shi wannan aikin, in ƙarfi ya ƙare ko ciwo ya zo, me ake tsira da shi?

Tsohon Kyaftin ya sake amsawa:

Alhaji ka taɓo inda ya kamata. Ɗan'uwanmu na Texas gaskiya ya faɗa, amma ta can ya faɗa. Mu a nan muna da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgi, NAAPE, sai dai ba kowane kamfani ke barin ta shiga ba, kuma a naira ake biyan yawancin 'yan gida alhali horonsu da dala ne. Tun da aka saki naira a 2023 wannan tazarar ta ƙara faɗi, shi ya sa ƙwararru ke ficewa.

Abin da ka tambaya kuwa, abincin matuƙi a hannun mutum biyu yake. Na farko likita. Duk shekara sai an duba ido, kunne, zuciya, jini, fitsari, in ka haura 60 duk wata shida. Hawan jini ko suga in suka ƙi jin magani, a ranar za a karɓe takardar, kuma babu takarda babu tashi, babu alawus. Na biyu mai jarrabawa. Duk wata shida ana sa ka a na'urar kwaikwayon jirgi, a kashe maka injin ɗaya daidai lokacin tashi, a kunna maka gobara, a ga yadda za ka yi. In ka faɗi a ba ka horo ka sake, in ka sake faɗi magana ta canza. In duk ka tsallake waɗannan, ranar da ka cika 65 ka sauka daga jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa ke nan, ko da kana iya tseren gudu.

Sai kamfanin kansa. Na ga abokan aikina na Nigeria Airways bayan an rushe shi a 2003, manyan kyaftin da suka kai alhazai Jidda shekara da shekaru, suna bin haƙƙinsu ofis-ofis, har 2018 ana biyansu kashi-kashi, wasu ba su ga kuɗin ba sai magadansu. Ka ƙirga kamfanonin da ka hau a da waɗanda yanzu babu su. A 2020 da korona ta ajiye jirage, an zaftare albashi, an sallami matuƙa da dama a ƙasar nan.

Don haka in kun zauna da manyansa, ka tambayi abu uku. Ko kamfanin yana zuba masa kuɗin fansho a asusunsa da gaske, ya buɗe wayarsa ya nuna maka, don cirewa daban, zubawa daban. Ko yana da inshorar rasa lasisi, wadda ke biyan mutum in likita ya ajiye shi, kuma wa ke biyan kuɗinta, shi ko kamfani. Sannan takardar ɗaurin, a karanta a ga nawa zai biya in ya tafi, kuma me ta ce in kamfanin ne ya daina biyan albashi. Da yawa daga cikin yaran nan ba su karanta wannan shafin ba, murnar samun kujera ta sa suka sa hannu.

Ranar ɗaurin aure kuma kada ku sa ta da baki. Ku bari ya nemi hutun shekara a rubuce, a amince masa a rubuce, sannan ku buga kati. Ku kauce wa Disamba da lokacin jigilar alhazai, ba a cika ba ƙananan matuƙa hutu a lokacin ba.